Ba Kunnen Malam Ne Ya Mutu Ba

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Taimakon Kai da Kai ta layinmu,
Ƙofar Dumi, Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da sauran 'yan kwamiti. Ina gajiya, ina ɗawainiyar jama'a? Allah Ya ba da lada.

Ni ce Malama Rakiya, mai ɗakin amininka Malam. Ka san ni, ka ci tuwona tun ina amarya, amma na faɗi sunana saboda waɗanda za su karanta ba su san ni ba. Koyarwa na yi a firamare har na yi ritaya, don haka rubutu ba ya ba ni wuya. Abin da ya ba ni wuya shi ne fito da maganar gida waje. Na je gidanka, Hajiya ta ce kana barci. Na koma, ta ce yanzun nan ka fita, alhali takalmanka suna bakin ƙofa. Na aika maka ta bakin limamin layinmu, ka ce masa maganar ba ta kai a ɓata lokaci a kanta ba. To, tunda a gaban jama'a ka faɗi maganar da ta jawo duk wannan, a gaban jama'a zan ba ka amsa. Shi ya sa na tura takardar nan zauren unguwa na waya.

Na ɗaya: abin da kuka ara.

Ga wanda bai sani ba, maigidana tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ciwon suga ya tafi da idonsa shekarun baya. Tun daga nan duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya, kujera ɗaya, sai kunnuwansa. Yana da rediyo da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin murya, da sifiku biyu na katako, waɗanda ya saya tun yana aiki, tun kafin mu aurar da 'yarmu ta fari. Ba wasu manya ba ne, tsayinsu bai wuce gwiwata ba. Da su yake jin labaran safe. Da su yake bin karatun Alƙur'ani yana maimaitawa, don ya ce abin da bai samu ya haddace da ido ba zai ƙarasa da kunne. Ranar ƙwallo kuma ya zauna yana musu da mai sharhi kamar mutumin yana jin sa.

Yadda yake tattalinsu har haushi yake ba ni. Ya ɗiga gam a jikin abin murɗa murya, ya bushe ya zama ɗan ƙulli, don yatsansa ya san inda zai tsaya. Na taɓa wuce ƙullin nan ina shara, don in ji sanarwar rasuwa daga tsakar gida. Ranar sai bayan Azahar ya amsa mini magana.

Ka san halin layinmu. Mai tabarma, mai benci, mai babbar tukunya, kayansa ba nasa ba ne shi kaɗai. Ban ƙi wannan ba, ni ma da tukunyar Hajiyarka na dafa abincin bikin autata. Amma da ka zo bayan ƙaramar Sallah kana neman aron sifikun don taron neman gudummawar gyaran kwata, raina bai so ba. Ka ce masu ba da hayar sifiku za su cinye abin da za a tara. Ina tsaye bakin ƙofa ina girgiza maka kai, ka gan ni sarai, ka kau da fuska. Malam kuwa ba ya ganin harara, kuma kai ne ka tambaya, sai ya ce a ɗauka. Ya kafa maka sharaɗi da bakinsa: kada a wuce ƙullin gam, kada mai makirfo ya tsaya a gabansu, kuma a kashe komai kafin a tayar da injin wuta. Ka ce, “Haba Malam, ai kamar a ɗakinka suke.”

Na biyu: abin da aka yi musu a filin taro.

Ba labari aka ba ni ba, ina wurin, a layin mata, gefen hagu. Kuka ɗauki kayan ɗaki kuka ajiye a tsakiyar filin makaranta, inda babu bango babu rufi, kuna so su yi aikin ƙahon lasifikar masallacin Juma'a. Mutanen baya suka fara ihun ba ma ji, ba ma ji. Sakatarenku ya tashi ya murɗa murya har inda ta tsaya. Muryar mai addu'ar buɗe taro ta fara fita a dishe, tana kartar kunne kamar ana yaga ƙyalle, amma tunda ta kai baya, kowa ya gyara zama.

Sai al'adar nan tamu da ban san wanda ya koya mana ita ba. Duk wanda aka miƙa wa makirfo, sai ya fara ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya hura masa iska, ya tambaya ko ana jin sa, alhali yanzun nan wani ya gama magana da shi kowa ya ji. Dattawa suka yi, 'yan kwamiti suka yi, baƙon da kuka gayyato daga Inkil ya yi har sau ba adadi. Mai gabatarwa kuwa bai iya tsayuwa wuri ɗaya ba. Duk sa'ad da wani ya ba da gudummawa sai ya ruga wurinsa, ya bi ta gaban sifikun da makirfo a hannu, su kuma su saki wata irin ƙara mai tsini da ke shiga har haƙori. Mata muka riƙa toshe kunne, jarirai suna tsala kuka, maza suna dariya. Kai ma ka yi dariya, Alhaji, na gan ka, har ka cire hula ka yi fifita da ita.

Ana tsaka da haka man inji ya ƙare. Aka zuba, aka ja igiya, ba wanda ya kashe komai. Wuta ta dawo, sifikun suka yi wani tas da ya sa na dafe ƙirji. Daga nan ta dama ta soma magana ciki-ciki. Sai ga sakatare ya ja ta hagu bayan teburin manyan baƙi, wai zai ƙara mata ƙarfi ta rufe gurbin 'yar'uwarta, ya aro wuƙa a wurin mai yankan lemo, ya kwance mata baya. Na miƙe zan yi magana, matan kusa da ni suka ja mini hijabi suka ce in zauna, taron maza ne, kada in kunyata Malam. Na zauna ina cizon leɓe har aka shafa fatiha.

Na uku: yadda kuka mayar.

Washegari na tafi ta'aziyya ƙauyen Miri. Ko kun san ba na nan, ko dace aka yi, Allah ne masani. Na dawo na tarar an jona komai a wurinsa, an lulluɓe da mayafinsu, an ce wa Malam an gode, komai lafiya. Da na tambaye shi sai ya ce ai ga su nan suna magana. Ni kuma daga madafa ina jiyo gurnanin rediyo kamar kullum, sai na ɗauka Allah Ya tsare. Makaho ba ya ganin sawun wuƙa a jikin katako, wanda ya mayar da su kuma ya san haka.

A layin nan ko faranti ka aro ya fashe, kana mayar da shi da baki, ka ce ga abin da ya faru, mai shi ya ce ba komai, a wuce wurin. Wallahi da kun ce masa sifiku sun samu matsala, da ba komai zai ce, don ka fi kowa sanin halinsa.

Na huɗu: abin da shirunku ya yi masa.

A hankali na fara lura. Karatun da yake bi yana maimaitawa, sai na ji yana tsayawa a tsakiyar aya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Ya jawo kujera kusa da sifika. Ya riƙa karkatar da kai gefe guda. Ya ce in samo masa gashin kaza, ya yi ta sakace har kunnen ya yi ja. Ya ce in ɗumama man zaitun in ɗiga masa. Wata safiya ya ce in koma bakin zaure in yi magana a hankali, in faɗi duk abin da na ga dama. Na faɗa, ya maimaita daidai, amma fuskarsa ba ta saki ba. Da na matsa sai ya ce masu rediyo duk sun koma magana kamar bakinsu na cikin randa, yana jin murya amma ba ya kama kalma.

Bai zarge ku ba da farko, kansa ya zarga. Sai da abin ya ishe shi, bayan wata sallar La'asar, ya riƙe hannunka a ƙofar masallaci ya tambaye ka a hankali ko wani abu ya sami sifikun a wurin taro. Maƙwabcinmu Malam Audu, wanda ke jan sa zuwa masallaci, shi ya faɗa mini amsarka, kuma wasu mutum biyu sun tabbatar mini. Ka ɗaga murya yadda masu sa takalma duk suka ji, ka ce: “Malam, kayanka garau muka mayar. Shekaru ne. Kunne ne ya fara bin ido, sai haƙuri.”

Alhaji, ka san abin da maganar nan ta zama? Kafin Magariba ta zaga layi. Washegari mai kosai ta gaishe shi da ihu. Mai shagon bakin layi ya gaishe shi da ihu. Abokan zamansa a dakali suka koma kusanto baki da kunnensa suna rarraba kalma. Wasu kuma suka daina gaishe shi gaba ɗaya, wai ai ba zai ji ba, su wuce ta gabansa suna cewa Allah sarki, ga makanta ga kurumta, shi kuwa yana jin su tar. Duk ihun da aka yi masa sai ya ɗauke shi shaida. Na ce masa, to ni ba ka ji na? Ya ce ke ai muryar aji gare ki, kurma ma yana jin ki, kuma na san abin da za ki faɗa tun kafin ki buɗe baki. Na ce mu je asibiti a duba. Ya ce ya taɓa zuwa asibiti neman amsa sau ɗaya, an kuma ba shi, ba ya son ta biyu. Ya kashe rediyo, ya daina fita dakali, ya daina karatu.

Na biyar: abin da mai gyara ya gani.

Na ɗauki sifikun a keke mai ƙafa uku na kai wa Malam Bulus mai gyaran rediyo, wanda shagonsa ke kan hanyar kasuwa. Ban gaya masa komai ba, cewa na yi ya duba. Ya kunna, ya kara kunne a sama, ya kwance, ya shinshina, ya miƙo mini in shinshina. Ƙauri ne, irin na wayar wuta in ta ƙone. Ya ce, “Mama, ba tsufa ya kashe wannan ba, wuta ne ya ci shi. An kai shi biki ne?”

Bari in faɗa muku yadda ya bayyana mini, don ban so a sake yi wa wani. Kowace sifika irin wannan baki biyu gare ta. Babba na ƙasa shi ke ba da kauri da gurnani. Ƙarami na sama, wanda masu gyara ke kira tiwita, shi ke fitar da kaifin magana, abin da ke sa ka bambance kalma da kalma. Wayar da ke cikinsa ba ta kai kaurin gashin kai ba, zafi kaɗan ke narkar da ita. In aka murɗa ƙaramar amfilifaya fiye da ƙarfinta har murya ta fara dishewa, wannan dishewar a kan tiwita take sauka. In makirfo ya fuskanci sifika ta yi wannan ƙara mai tsini, kafin ka ƙifta ido wayar ta gasu. Ƙwanƙwasa makirfo da hura masa iska duka ne ake kai mata. Wutar inji in ta dawo kayan suna kunne, ita ma duka ne. Duk abin da ya lissafa na gan shi da idona a filin nan.

Tiwitar sifikar dama da haka ta mutu. Ta hagu kuwa kashe ta aka yi da hannu. Akwai wani ɗan abu a ciki da ke tare sauti mai nauyi kada ya kai ga tiwita. Sakatarenku ya yanke shi, ya murɗe waya da waya, ya naɗe da ledar ruwa. Ledar tana wurina, da ɗan abin da ya yanke, don a cikin akwatin ya bar shi yana ƙaras-ƙaras. Wanda ke shakka ya zo ya gani. Da manyan bakunan ne suka mutu, da sifikun sun yi shiru kowa ya san sun lalace. Da yake ƙananan ne, sai suka ci gaba da magana, maganar da ba a ganewa, kuka samu inda za ku ɓuya.

An gyara. Irin nasu na asali babu su a kasuwa yanzu, Malam Bulus ya sa abin da ya samu, kuma ya gaya mini gaskiya cewa sautin zai fi na da tsini. Daga fanshona na biya, kuma ba na neman ko kwabo daga aljihunka ko asusun ƙungiya. Na faɗi wannan da wuri saboda masu cewa kuɗi nake nema.

Na shida: dalilin da gyara bai wadatar ba.

Na kawo su gida da murna, na jona, na kunna masa karatu. Ya saurara kaɗan, na ga leɓɓansa sun fara motsi. Sai ya ɗaga hannu ya ce in kashe. Ya ce wannan ba muryar sifikunsa ba ce, na je na sa an yi musu irin gyaran da ake yi wa kurame, don in lallashe shi. Na rantse. Na sa masa ƙonanniyar tiwitar a tafin hannu, ya shafa, ya ce shi bai san daga ina na samo ta ba. Na kira Malam Bulus a waya ya yi masa bayani, ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya, ya ce mai gyara ai abin da mai biya ke so yake faɗa.

Ka san abin da ya sa, Alhaji. Lokacin da idonsa ke tafiya, duk mun yi masa ƙarya. Ni na ce zai dawo. 'Ya'yansa suka ce za a gwada wani likita. 'Yan'uwa suka yi ta kawo tozali da rubutu. Kai kaɗai ka zauna gabansa ka ce masa idon nan ba zai dawo ba, ya fara koyon hanyar masallaci tun yana ganin inuwa. Ya yi fushi da kai, daga baya ya gode maka, kuma tun daga nan yake cewa a duniya mutum ɗaya ne ba ya ɓoye masa gaskiya. Ni matarsa ce, ya san zan iya yi masa ƙaryar tausayi, don na taɓa yi. Kai bai taɓa kama ka da ita ba. Wannan yardar ka ɗauka ka rufe asirin sakatarenka da ita. Abin da ke ci mini rai ke nan, ya fi ƙonewar sifiku sau dubu.

Ban ce kunnen Malam na saurayi ne ba. Ya manyanta, kamar yadda kai ma ka manyanta. Amma ranar da kuka zo aro, da kunnen nan ya ji takunka tun daga zaure ya ambaci sunanka kafin ka yi sallama.

Abin da nake roƙo.

Ka zo gidan nan da ƙafarka, ba aike ba, ba waya ba. Ka zauna inda ka saba zama, ka gaya masa da muryarka ta kullum, ba da ihu ba, cewa a wurin taro sifikunsa suka ƙone, kuma ka sani tun ranar. Sannan ka maimaita a ƙofar masallaci, inda ka faɗi ta farko, da ƙarfin da ka faɗe ta. Ba sai ka ambaci sakatare ba in kunyarsa kake ji, ba shi nake bi ba.

Ƙungiya ta daina aron kayan ɗaki don taron fili. Masu haya suna da manyan sifikun da aka yi don haka, su ma iyali gare su. In kuma kun ari abu ya lalace, ku mayar da shi da baki.

Ku kuma mutanen layi da kuke karantawa, don Allah ku daina yi masa ihu. Ku gaishe shi yadda kuka saba. Abin da kuke faɗa a gefensa ƙasa-ƙasa ma yana ji, yana shigowa gida da shi.

Ban so in rubuta wannan ba sai da Malam ya kira ni shekaranjiya bayan karin kumallo. Ya ce in haɗa rediyon da amfilifayar da sifikun in aika maka, ya ba ƙungiya kyauta, masu kunne su amfana. Ya ce in gaya maka ya gode da ka faɗa masa gaskiya tun da wuri, kamar wancan karon. Ban taɓa tsallake umarninsa ba, don haka na ɗaure su, suna zaure. In ka turo a ɗauka, ba zan hana ba, za ku samu na taro na gaba. Saƙon godiyarsa kuma ga shi na isar, a gaban kowa, yadda ya ba ni. Ka karɓa in za ka iya.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare maka idonka da kunnenka har ƙarshen rayuwarka. In Ya jarrabe ka da rashin ɗaya, Allah Ya bar maka aminin da za ka tambaya ya gaya maka gaskiya. Allah Ya yi riƙo da hannunka a shugabancin da aka ɗora maka, Ya zaunar da layinmu lafiya.

Wassalam.

Malama Rakiya,
mai ɗakin Malam,
Ƙofar Dumi, Bauchi.